Wanda Ba a Faɗa a Ƙirga

Mun tashi da asuba daga Haɗeja, mu uku, jakata cike da takardun tambayoyi kan rayuwar masunta. Kafin Guri hanya ta gama girgiza mana hanji, shinkafa kuwa kore shar hagu da dama. Daga nan babur ya kai mu bakin ruwa muka shiga kwalekwale, ciyawar kacala ta toshe hanya har sai da mai tuƙi ya riƙa ture ta da gora. Abokin aikina da ya cika baki a mota, sai salati yake ta yi.

A ƙauyen da muka sauka aka tarbe mu da tuwon shinkafa da bandar tarwaɗa. Ni aka tura cikin gidaje, tunda mace ce. Wata dattijuwa na samu tana gyaran koma, na tambaye ta yawan 'ya'yanta.

"Huɗu, 'yar nan."

Na rubuta. Maƙwabciyarta ta yi dariya ta ce, "Malama, biyar ne. Na farin ne ba ta faɗa. Yana can Tafkin Chadi wajen kamun kifi, damina uku ke nan bai zo ba."

Dattijuwar ta sunkuyar da kai. Ashe komar da ke hannunta ta ɗan farin nata ce, duk shekara sai ta ɗinke ta.

Alƙalami ya tsaya mini. Ni ma 'yar fari ce. Ina ƙarama masu ƙidaya suka zo gidanmu, Inna ta lissafa ƙannena kaf ta tsallake ni. Na shiga bayan rumbu na sha kuka, na girma da wannan a raina, ban taɓa tambayarta ba har ta rasu. Na san kunyar ɗan fari kamar kowa, amma sai ranar na ga abin da ke bayanta. Kewar Inna ta kama ni a tsakar gidan mutane.

Na goge huɗu na sa biyar, muka sake bin gidajen da muka wuce, don duk haka muka yi ta zubar da 'ya'yan fari.

Da la'asar muka dawo Haɗeja. Tafiyar ta koya mini cewa bayan amsa sai a tambayi wanda ba a faɗa ba. Takardar Inna ce kawai babu mai komawa ya gyara.