Tabarau Mai Ido Ja da Kore

Ko zan manta komai na ƙuruciyata, ba zan manta da ranar da na nuna majigi a kasuwar Lolo ba. Shekarar da aka samu 'yancin kai ce, ni kuwa saurayi ne mai ji da kansa, ina fiton mutane da kaya a jirgin babana.

A wata tafiya da na yi Dahome, wadda yanzu ake kira Benin, wani ɗan kasuwa ya shigar da ni ɗaki mai duhu, ya ɗora mini tabarau na kwali, ido ɗaya ja, ɗaya kore. Da ya kunna majigi sai ga doki ya fito daga bango ya nufo ni. Wallahi sai da na faɗo daga benci! Ya ce da irin wannan duniya za ta riƙa kallo daga yau, kuma na sayarwa ne, har da injinsa da tabarau talatin.

Na dawo gida na hana Baba sakat. Jirgin nan shi ne cinmu, shi ne shanmu, amma na nace a sayar.

"Jirgi dai na san shi," in ji Baba. "Wanga abu naka, mi za ya yi muna bayan shekara guda?"

Na ce, "Baba, jirage uku zai saya maka."

Ya ce in je Allah ya sa albarka. Aka sayar da jirgin, na koma Dahome na sayo majigin. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Ranar kasuwa na ari wani babban zaure, na toshe ƙofa da tabarmi, na yi shelar a zo a ga doki ya fito daga bango. Jama'a ta cika maƙil, ta ninka tabarau sau biyu. Na raba wa na gaba, na ce saura su jira zagaye na biyu, na koma bayan inji.

Abin da ban lissafa ba shi ne, a wurinmu ba a riƙe abu na kusa da kai yana kallo. Wani dattijo daga Kende ya ga abokinsa ba shi da tabarau, sai ya raba nasa biyu kamar goro, ya miƙa masa kore, ya riƙe ja. Tun da babba ya yi, kowa ya bi. Ina can ina fama da inji, sai ƙarar yagewar kwali nake ji, kyat, kyat.

Doki ya zo, ba wanda ya motsa. Dattijon ya rufe ido ɗaya, ya leƙa da kyau, ya ce, "Ɗana, dokin ga lafiyayye ne. Amma yaushe za ya fito?"

Na ce, "Baffa, ai sai da ido biyu."

"To shi kuma malam ya zauna ba ido?"

Da aka tashi, kowa ya jefa rabinsa a aljihu, tsarabar yara. Tabarau huɗu na tsira da su.

Na koma Dahome neman wasu. Ɗan kasuwar ya ce babu, su Turawan ma sun daina yi tuni, an ce yana sa ciwon kai. A nan na gane dalilin da ya sa ya rabu da majigin.

Baba bai taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya. Washegarin dawowata ya ɗauki filafilinsa ya tafi yin fito a jirgin wani, da furfurarsa. Na bi shi a baya, ban iya haɗa ido da shi ba.

Yanzu jikokina sun ce irin wannan kallon ya dawo a birni, wai wannan karon ya zauna. Na ce su kalla su more, zai wuce kamar yadda ya wuce a da. Ni dai abin da na koya shi ne, kafin ka sayar da abin da ke ciyar da gidanku saboda sabon yayi, ka tambayi kanka ko mutanenka za su iya amfani da shi ba tare da sun bar halinsu ba. Mutanen Lolo ba su yi mini laifi ba, ni ne na manta ko su wane ne.