Baba Tsani, Mai Kallon Ƙafa

Kullum kafin mu iso filin ƙwallon kwando na unguwarmu, Baba Tsani ya riga ya share shi. Ba datti ne ya dame shi ba, tsakuwa yake nema. Cewa yake 'yar tsakuwa ɗaya a kan siminti ta isa ta ajiye yarinya a gida wata uku. In ya gama sai ya kifa bokiti a bakin ƙofa ya zauna, ya miƙe ƙafarsa ta hagu da ba ta lanƙwasuwa. Duk wadda ta shigo sai ta taka daga ƙofa zuwa gindin kwando yana kallo kafin ta taɓa ƙwallo. Kuma ƙafa kawai yake kallo. 'Yan matan har tsokanarsa suke yi: "Koci, ka ma san fuskata kuwa?" Sai ya ce, "Me zan yi da fuskarki? Ita za ta yi tsalle?"

Ni ba na wasa. Ƙanwata Auta nake rakawa, in zauna ƙarshen benci riƙe da jakarta. Da na ji ƙarshen watan nan zai ajiye usur, bayan shekara talatin da ɗaya yana koyar da yara, sai na ce bari in rubuta, tunda bakina ba zai iya ba.

Yaran yanzu ba su san wane ne shi ba, don shi ba ya faɗa. Kawunmu ne ya ba mu labari. Ya ce an sa masa Tsani ne saboda in ya tashi sama sai ka rantse akwai matakalar da shi kaɗai yake gani. Kofi huɗu ya ciwo wa ƙungiyarsa a jere. Akwai ranar da ya zuba maki arba'in da bakwai shi kaɗai, har magoya bayan ɗaya ɓangaren suka miƙe suna tafa masa. Yana ɗan shekara ashirin da shida ya ji ciwo a gwiwa, saura kwana uku wasan ƙarshe. Aka ɗaure masa, aka yi masa allura, aka ce ya daure. Ya daure, ya ciwo na huɗun. Tun ranar bai ƙara tsalle ba.

Abin da na gani da idona kuwa, shekara biyu ke nan. 'Yan matansa suka kai wasan ƙarshe, aka ce masu zaɓen 'yan wasa 'yan ƙasa da shekara sha takwas za su zo kallo. Auta kuwa saura mata wata biyar ta wuce shekarun. Ana gobe wasan ƙafarta ta gurɗe a matakalar gidanmu. Ta naɗe wurin da bandeji, ta sa safa biyu, ta ce, "Yaya, in kika faɗa na daina kula ki." Ban faɗa ba.

Da safe ta shiga fili tana murmushi, tana tafiya cas. Ni da na sani ma ban ga komai ba. Ba ta kai rabin fili ba Baba Tsani ya ce, "Auta, dawo. Cire takalmin."

"Baba, lafiyata ƙalau."

"Na ji. Cire."

Idon sawun ya kumbura sumtum. Ta durƙusa a gabansa tana kuka: "Don Allah Baba, minti goma kawai, su gan ni." Sauran suka taya ta roƙo. Mataimakinsa ya matso ya ce, "A ɗaure mata sosai mana, ai za ta iya daurewa." Ranar na fara ganin ɓacin ransa. Ya buga tafin hannu a gwiwarsa ya ce, "Ga wadda aka ɗaure sosai. Ba a filina ba."

Aka cinye su da maki uku. Masu zaɓe suka ɗauki yara biyu suka tafi. A asibiti hoto ya nuna ƙashin ya tsage. Duk da haka wata huɗu Auta ba ta yi masa magana ba. Shi kuwa duk Asabar sai ya zo gidanmu, ya zauna da Babanmu, ya ɗaga murya ya ce, "Yaya ƙafar?" Ita kuma daga ɗaki ta ce, "Ku ce masa tana gaishe shi." Sai ya yi dariya ya ce, "Ina amsawa."

Baba, kai ne ka yarda kofi ya kuɓuce maka kana kallo. Kai ne ka yarda yarinyar da ka koya wa riƙon ƙwallo tun tana 'yar sha ɗaya ta ji haushinka. Da ka kawar da kai ranar nan babu wanda zai ga laifinka, har ni da na yi shiru.

Ba zan yi ƙarya ba, waccan damar ba ta dawo ba. Yanzu ƙungiyar kwalejinsu Auta take buga wa, ƙarama ce, ba a nuna su a talabijin. Makon jiya da ta zo hutu muka je gaishe shi, sai ta yi masa tambayar da ta daɗe tana cin ta.

"Baba, tsakani da Allah, da na buga da mun ci?"

"Da kun ci," in ji shi. "Wallahi da kun ci."

"To?"

"To da yanzu mu biyu ne muke ɗingishi."

Ta yi dariya har da hawaye, ta kama hannunsa ta taya shi miƙewa.

Mun gode, Baba Tsani. Allah ya saka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi. Ku kuma da aka ba ku amanar 'ya'yan mutane, a fili ne ko a aji, in ranar ta zo, ku iya cewa a'a kamar yadda ya ce.