Yarinyar da Aka Ce Na Ɓata wa Karatu

Shekarar da aka tura ni koyarwa wani ƙauye a kwarin Badagishiri, ba mu fara karatu ba sai da aka gama yankan gero, domin da karan ake yin ajinmu. Iyaye suka kafa itace, suka ɗaura zana, aka shimfiɗa tabarmi, aka ce ga lakwal, wato makarantar boko. Ni kuwa daga Ƙonni na taso da sabon zane da zafin kai, ina ganin kafin ruwan farko ya kwashe rumfar nan zan mai da yaran marubuta. Allah dai ya yafe wa mai ƙuruciya.

Darakta ya kai ni babban aji, ya nuna mini wata siririyar yarinya a layin gaba, ya ce ita ke zuwa ta ɗaya tun shigowarta. Ya buɗe littafin karatu na Faransanci ya miƙa mata. Ta miƙe ta zubo shafin tas, babu gargada, inda ake ɗaga murya tana ɗagawa. Na ji daɗi har cikin raina.

Ba a jima ba na fito da abin da na zo da shi. Na ce kowa ya ɗauki allonsa ya rubuta mini wani abu da ya faru a gidansu, da Hausa ko da Faransanci, ko layi biyu ne. Suka yi mini kallon wadda ta zare. Wani ya rubuto cewa garinsu yana bakin teku, don haka littafi ya ce. Gwanar tawa kuwa allonta fayau. Na zaci kunya ce, na ce to ta faɗa da baki. Sai ga yarinya ta ba mu labarin injin ban ruwan babanta na garkar albasa, wanda ba ya tashi sai an zage shi, kuma zagin ma sai na uwa. Tana kwaikwayon tarin injin, aji duk ya kwanta da dariya, har ni.

Na rubuta kalma biyu daga labarinta a babban allo, injin Baba, na ce ta karanta. Ta dubi allon, ta dube ni, sai ta fara rero layin farko na wani shafin Faransanci. Nan gaskiya ta fito. Yarinyar nan ba ta san baƙi ko ɗaya ba.

Daga baya na gane yadda aka yi. Mushen da na gada, wato malaminsu na da, littafi ɗaya gare shi, yara kuwa cike da rumfa. Yana karantawa suna amsawa, kamar a makarantar allo, ita kuma Allah ya ba ta kunne. Da hoton da ke saman shafi take gane inda za ta kama. In an ce a kwafi rubutu, ta zana shi da kyau kamar mai zanen lalle. Raina ya ɓaci, na rasa wanda zan zaga, don ko ni aka ba wannan taron da littafi guda ban san abin da zan yi ba.

Na kai wa darakta maganar da zafina. Ya ce in yi a hankali. Uban ya cire sauran ƴaƴansa ya kai su garka, wannan kaɗai ya bari don ita ce ta ɗaya, kuma ya sha faɗi cewa ranar da ta yi baya za ta bi ƴan uwanta. Na ce ai jarabawar fita firamare ba da kunne ake yin ta ba, za a ajiye mata takardar da ba ta taɓa ji ba. Ya ce ya sani. Ya ci gaba da kaɗa shayinsa.

Sai na riƙa tsare ta da rana in yara sun tafi cin abinci. Muna zama bayan rumfa, ina zana mata baƙaƙe a ƙasa. Ranar farko ta yi kuka, wai na mai da ita ƴar ƙaramin aji. Taurin kai gare ta, ni kuma ba a san ni da haƙuri ba, mun sha rabuwa kowa na huci. Da labarinta na yi mata tarko, na ce in ba ta rubuta injin nan ba, ranar da ya mutu shi ke nan an manta da shi. Kafin zafi ya yi tsanani ta fara haɗa baƙi da baƙi. Ta rubuta labarin a allo, karkace-karkace, ta karanta mini da yatsa, tana tsayawa tana komawa. Da ƙyar ta yarda ta goge don a yi lissafi.

Abin da ban sani ba, uban yakan sa ta karatu bayan la'asar a ƙofar gida, abokansa na saurare. Ba ya jin Faransanci, amma ya yi allo, ya san ɗalibin da ya iya ba ya tuntuɓe. Yanzu kuwa ƴarsa ta koma tsayawa a kan kowace kalma.

Wata safiya ya zo, ƙafarsa duk laka, ya yi sallama a bakin zana. Bayan gaisuwa ya ce, “Madan, mi kinka yi ma ɗiyata? Da can karatu takai awa ruwa, yanzu sai in'ina.”

Na yi masa bayani iyakar iyawata, cewa da can hadda take yi, yanzu ne take karatu. Ya saurara da ladabi, amma na ga maganar ba ta shiga ba. Ya ce su a wurin malaminsu mai in'ina bulala yake sha. Sannan ya yanke: a ba ta littafi nan gabansa, in ta yi kamar da ta zauna, in ba haka ba ruwan albasa na jiran ta.

Na buɗe mata shafin da ta fi haddacewa, wanda ko daga barci aka tashe ta za ta kawo shi. Ni da na yi watanni ina hana ta hadda, ga ni ina roƙon ta da ido ta zubo shi kawai. Ta fahimta. Ta fara da gudu, layin farko ya wuce lafiya, na fara sakin numfashi. Sai idonta ya sauka a kan rubutun, yatsa ya hau. Ta tsaya, ta koma baya, ta haɗa kalmar a hankali. Haka ta bi shafin nan kalma bayan kalma har ƙasa, zufa na zubo mata, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ban taɓa jin alfahari da tsoro sun haɗe mini lokaci guda kamar ranar ba.

Uban ya miƙe, ya yi mini godiya a kan wahalata, ya ce, “Kahin ki zo, ɗiyag ga ta iya.” Ya sa ta gaba suka tafi.

Na bi shi garka ya fi a ƙirga. Na tura darakta, na tura liman. Kullum sai ya tarbe ni da fara'a, ya cika mini leda da albasa, maganar lakwal kuwa ya ce an wuce wurin. A zuwana na ƙarshe na same ta ita kaɗai tana jan tiyo tsakanin fangali. Haushi ya ci ni, na tambaye ta me ya hana ta zubo shi yadda ta saba, da yanzu tana aji.

Ta ce, “Na so, Madan. Tun da nig gane baƙaƙen nan, ba ni iya yi awa ban gan su ba.”

Ruwa ya fara malala daga fangalin da ta bari, ta ruga ta toshe.