Wanda Ya Amsa Daga Kan Kwakwa

Ƙararrawar keke ce ta jawo duk wannan maganar. Ƙanena ne ya ja ni kasuwar 'yan China da ke gefen International City, wai in taya shi zaɓen keken da zai riƙa kai wa mutane sayayyar kanti da shi. A bangon shagon akwai talabijin, ana nuna wasu Turawa cikin matsattsun kaya suna tsere a kan tsaunuka, kurmi a hagunsu, gonakin inabin da ake yin giya da shi a damansu. Ina cikin kallo mai shagon ya kaɗa wata ƙararrawa don ya gwada mana, sau uku cif. Nan take wani tsohon tsoro ya dawo mini, duk da cewa shekarata tara a Dubai, kuma na yi zaton na bar wannan tsoron a gida.

Mu ma a tsaunuka muka tashi, can kudancin Kaduna, kuma mu ma da kurminmu da masu giyarmu. Sai dai tasu giyar a saman itace take. Maƙwabtanmu masu bammi ne, kullum suna kan kwakwa da igiya a ƙugu da gora a kafaɗa. Idan iska ta taso daga kwari, tsamin bammi ke fara iso maka kafin ƙamshin jiƙaƙƙen ganye.

Kakana ɗan koli ne, gishiri da ashana da allura yake kaiwa ƙauyuka a kan wani baƙin keke da ya girmi innata. Hanya biyu ce daga garinmu zuwa garin da asibiti yake. Akwai hanyar mota, wadda ke zagaye dutsen gaba ɗaya, sai ka ci rabin yini kana taka feda. Akwai kuma hanyar masu bammi, wadda ta ratsa kurmi ta faɗa wata doguwar gangara, a ƙarshenta kwana, bayan kwanar kuma gadar itace a kan rafi. Daga sama ba a hango gadar, kuma idan keke ya ɗauki gudu da damina, birki sai dai ka matsa don ka ji daɗin zuciyarka.

Saboda haka aka yi wata al'ada da ban san wanda ya fara ta ba. Duk mai keke idan ya iso kan gangara sai ya tsaya ya kaɗa ƙararrawa sau uku. Mai bammin da ke kan doguwar kwakwar da ke kallon rafi sai ya duba gada ya amsa masa, ko ya sauko ko ya juya. Mai wannan itacen abokin kakana ne, wani dogon dattijo mai tabon igiya a tafin hannu. Mutanen masallaci sun sha yi wa kakana ƙorafi a kan abotar, shi kuwa sai ya ce gishiri yake sayar wa mutum, ba hisabi aka ba shi ba. Idan sun haɗu, kakana kan toshe hanci ya ce, "Tsaya daga nan, kada ka ɓata mini alwala." Dattijon sai ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya zaro atili daga jakarsa ya zuba mini a hannu.

To, da tsufa ya zo, kunnen kakana ya toshe. Ƙafafunsa lafiya lau, idonsa garau, amma ko tsawa aka yi sai ya ga walƙiya yake sani. Ni na zama kunnensa. Ina zaune a bayan keke, idan aka ce a sauko sai in dafa bayansa, idan aka ce a juya sai in ja masa riga. Yakan ce cikin duk matansa ni ce kawai amaryar da ke da amfani, ni kuma in ce ai ni ba na auren kurma. Dattijon ma ya koyi tsokanar, kullum amsarsa ita ce, "Sauko, Malam, kai da amaryarka!" Sai dutsen da ke tsallake ya maimaita ƙarshen maganar.

Shekarata tara ranar da abin ya faru, ana tsakiyar marka. Innata ta kwana biyu tana naƙuda, babana yana can wurin aikin kuza, ungozoma kuma ta fito tsakar gida ta ce abin ya fi ƙarfinta, a nemo malamar asibiti tun da sauran numfashi. An kwana ana ruwa. Dab da tsakar rana kakana ya ɗora ni a keke, ko kallon kowa bai yi ba. Na ji muryar innata ta bayan zana, ba kuka take ba, wani nishi ne siriri, kuma na san ko ban tambaya ba cewa za ta iya mutuwa kafin mu dawo.

Rana ta take tsaka muka iso kan gangara. Gajimare ya sauko ya zauna a kwarin, ba ka ganin komai sai kawunan kwakwa. Abin da na fara lura da shi shi ne shiru. Ba tsuntsu, ba kwaɗo, ko ƙudan da ke bin gorar bammi babu. Kakana ya sa ƙafa a ƙasa ya kaɗa ƙararrawa sau uku.

Aka ce, "Juya, Malam. Juya."

Muryar dattijon ce, ba ni da shakka. Amma ba daga saman itace ta zo ba. Kusa take, kamar yana tsaye a bayana yana gaya mini a kunne, kuma dutsen tsallake bai maimaita ba. Na waiga, ba kowa. Na dubi kan doguwar kwakwar, ko ganye ɗaya bai motsa ba.

Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau, amma hannuna ya kai kan bayan kakana, saura ƙiris in dafa. Ta gangara, kafin a sha ruwa a huta mun isa. Ta hanyar mota kuwa, wa ya san abin da za mu tarar a gida? Ba wanda ya ji muryar sai ni, kuma ban ga mai ita ba. Na tsaya da hannu a sama, sannan na damƙi rigarsa na ja. Ya waigo ya ƙura mini ido ya ce, "Kin ji da kyau?" Na gyaɗa kai. Ya yi salati, ya juya keken.

Ban taɓa ganin tsoho ya taka keke kamar ranar ba. Rigarsa ta jiƙe ta manne masa a baya, numfashinsa yana fita da ƙara, bai sauka ya tura ba ko a hawa ɗaya. Da muka isa ya ɗora malamar a bayan keken ya koma gida da ita, ni kuma aka ce in zauna a barandar asibiti har a zo a ɗauke ni.

A nan wasu matan masu bammi suka same ni, sun zo mayar da bargon asibiti. Suna ta zancen gada, wai ruwan daren jiya ya tafi da ita, ko gungume ɗaya bai bari ba. Sai babbar cikinsu ta gane ni ta ce, "Ba ke ce amaryar Malam ba? Ki gaya masa abokinsa ya tafi. Jiya da safe igiya ta tsinke da shi, kafin yamma muka binne shi."

Na ce, "Amma ɗazu ya amsa mana."

Ba wadda ta yi dariya. Matar ta daɗe tana kallona, sannan ta ɗora hannu a kaina ta ce, "Shi dai bai iya jin ƙararrawa ya yi shiru ba." Sai daga baya, da na ƙara hankali, na lissafa abin da ya fi ba ni tsoro: an binne shi tun gadar tana nan lafiya.

Innata ta rayu. Can cikin dare ta haifi namiji. Da na kwatsa wa kakana labarin a kunne, sai ya ce, "Allah ne Ya tsare mu. Wanda Ya aiko kuma, Shi Ya sani." Daga ranar har ya bar hawa keke, bai fasa kaɗa ƙararrawa a kan gangarar ba, sannan ya sauka ya tura da ƙafa. Ni kuwa ina kasa kunne, ina tsoron in ji, ina kuma so in ji. Ba a sake amsawa ba.

Yanzu an zuba kwalta a hanyar, an yi gadar siminti, an sare doguwar kwakwar, 'yan acaɓa suna gangarawa ba sallama. Jaririn ranar shi ne wannan ƙanen nawa da ke tsaye yana cinikin keke. Na ce a ɗaura masa ƙararrawar, ya ce, "Haba Yaya, wa ke ƙararrawa a Dubai? Ga hanya nan a waya, khalas, shi ke nan." Na ce a ɗaura.

Gidanmu a hawa na uku yake, kuma a ƙasa akwai wata kwana da bas ke fitowa ba ka gan ta ba. Da tsakar rana, lokacin da zafi ya kori kowa titi ya yi tsit, sai in ji ƙararrawa sau uku. Ƙanena ne, don tsokana yake yi, na sani. Amma ko me nake yi sai na ajiye, in leƙa ta taga, in duba kwanar, in ce masa ya taho. Wani lokaci bayan ya shige ina daɗewa a tsaye a wurin, ina tunanin ranar da zai kaɗa ba na nan, ina roƙon Allah Ya bar ni in amsa.