Sunana a Littafin Caji Ofis

Karatu ne ya kawo ni Doha, kuma na gama na ci gaba da aiki a wurin da na yi karatun ba tare da kowa ya tono mini wani tarihi ba. Sai a shekarata ta shida, da na nemi aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti wajen Aziziya, aka miƙo mini jerin takardun da zan kawo. Akwai takardar shaidar hali daga 'yan sandan gida, akwai kuma wani fom mai tambaya guda da ta tsaya mini a rai: ko an taɓa kama ni.

Na dawo gidanmu na unguwar Bin Mahmud da fom ɗin a naɗe cikin aljihu. Kwana uku ban cike shi ba. Matata, wadda a lokacin take digirinta na biyu a fannin shari'a, ta lura ina juya cokali a cikin miyar kuka ba na kai shi baki. Ta tambaye ni ko albashin ne bai yi ba. Na ce ba shi ba ne. Sai na gaya mata abin da ban gaya mata ba a shekara goma na aurenmu.

Ina ɗan shekara goma sha tara na ɗauki keken Baba ba da saninsa ba na tafi kallon ƙwallo a filin makarantar firamare. Unguwarmu ce ke wasa da unguwar ƙetaren kwata. Ana cikin wasa faɗa ya kaure, wani ya jefa dutse, ya fasa wa wani mai sayar da rake goshi. Ni ne kusa da shi. Na tuɓe rigata na danne masa wurin. Da 'yan sanda suka iso, suka sa mu a mota, ni da wasu mutum uku. Daga la'asar har gab da magariba ina zaune a caji ofis, a kan benci a bayan kanta, jini a hannuna. An tambayi sunana da na mahaifina, an rubuta a wani ƙaton littafi, an ba ni biro na sa hannu. Baba ya zo ya tafi da ni, yana tura keke ina biye, bai ce mini uffan ba. Mako guda gaisuwa kawai yake amsawa. Tun daga ranar na sa wa raina cewa sunana yana cikin littafin masu laifi, kuma na zubar wa gidanmu mutunci.

Matata ta saurare ni har na gama, sannan ta tambaye ni ko an kai ni kotu. A'a. An sa ni a sel? A'a. An karɓi belina? Ban sani ba.

"To, Abban yara, ai kai ma ba ka san abin da aka rubuta ba," in ji ta. "Mu nema mana."

Ban san ana nema ba. Ta bayyana mini cewa akwai doka a gida da ta ba ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi bayanin da ke hannunta, balle bayanin da ya shafi kansa. Washegari da safe, yara sun tafi makaranta, muka zauna a teburin cin abinci ta buɗe kwamfuta. Ta hana ni ba da labari a wasiƙar. Ta ce sunana, sunan mahaifina, wurin, da lokacin gwargwadon yadda zan iya tunawa, sai abin da nake so a ba ni: kwafin shafin da sunana yake ciki. Ranar ce ta gagare ni. Na dai tuna da damina ce, kuma sakamakon jarrabawarmu ta gama sakandare bai fito ba. Sai muka rubuta watanni uku na daminar shekarar. Na sa hannu, na haɗa da kwafin fasfo da wata takarda mai cewa na wakilta yayata ta karɓa a madadina.

Yaya malamar firamare ce da ta yi ritaya, kuma duk gidanmu an san idan ta sa abu a gaba sai ta ga ƙarshensa. Da na kira ta na yi mata bayani, dariya ta fara yi har da tari, ta ce ashe abin da ya sa nake kauce wa titin caji ofis ke nan duk lokacin da na zo hutu. Ta buga wasiƙar kashi biyu, ta kai, ta sa aka buga mata hatimi a kan nata kwafin.

Daga nan na riƙa samun rahoto a waya kusan kullum. Ina tashi aiki, na tsaya a shagon shayin da ke ƙasan gininmu na karɓi shayin karak, na sa waya a kunne na saurari muryar Yaya. An tura ta hedikwata. An ce littattafan wancan zamanin suna sito. Ta gano cewa matar da ke kula da siton ɗalibarta ce a aji uku, har ta durƙusa ta gaishe ta a gaban mutane. Sun kwashe wuni biyu suna sauke littattafai suna kakkaɓewa, wasu gara ta ci gefensu. Mai shayin, wanda ba ya jin Hausa, yakan ga ina murmushi ni kaɗai ya tambaye ni, "Khalas?" Wato an gama? Na girgiza kai na ce saura.

Ranar wata Alhamis ina cikin jirgin ƙasa hotuna biyu suka shigo. Na farko amsar hukuma ce da sa hannu da hatimi. Na biyu shafin littafin ne, rubutun shuɗin biro da ya koɗe. Na buɗa hoton da yatsu biyu. Ga sunayen mutum uku da aka tsare saboda faɗa. A ƙasa, a layi daban, ga sunana da na Baba, an rubuta cewa ɗan makaranta ne da ya taimaka wa wanda ya ji rauni, ya ba da shaida, an sallame shi tare da godiya.

Na karanta sau uku. Na wuce tasharmu da tasha biyu kafin na farga.

Matata ta karanta a tsaye a bakin ƙofar kicin, ta ce ashe shekara goma tana auren shaida ba ta sani ba. Bayan sallar Juma'a muka kira gida ta bidiyo. Yaya ta riƙe wayar a gaban Baba, yana zaune a kan buzunsa a zaure. Na tambaye shi, cikin ladabi, ko ya san ba kama ni aka yi ba.

"Na sani mana. Sajan ɗin har hannu ya ba ni, ya ce na yi tarbiyya."

"To Baba, me ya sa ka yi mako ba ka yi mini magana ba?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi abin da kowa ya sani. "Kekena ka ɗauka ba ka tambaye ni ba. Ka kuma dawo mini da shi babu ƙararrawa."

Muka yi dariya har yara suka fito daga ɗaki suna tambayar abin da ya faru. Ni dai ina dariyar ina share ido. Baba ya sa Yaya ta fassara masa layin daga Turanci zuwa Hausa, a hankali, sannan ya ce a buga masa kwafi babba zai nuna wa abokansa a majalisa.

Na cike fom ɗin a ranar, na sa a'a hankalina kwance. Takardar shaidar hali ta fito ba wata matsala, na kuma fara aiki bayan wata guda.

Yaya kuwa ta samu abin yi. Ta roƙi matata ta turo mata samfurin wasiƙar, ta kuma koyi sauya kan wasiƙar da abin da ake nema. Zuwa ƙarshen shekarar ta rubuta guda biyu, ɗaya a kan kwalbatin layinmu, ɗaya a kan rufin makarantar da ta koyar. Ta farkon har an amsa mata.