Karaya Biyar a Bayan Inna Mai Siminti

Ni ne mai ɗaukar hoton ƙashi a asibitinmu, kuma ɗakina na jikin nata, bango ɗaya ya raba mu. Shekara ashirin da biyu ke nan, kafin in gama kunna na'urata da safe ina jin ƙarar bokitinta a bakin famfo. Takan tara ruwa mai ɗumi-ɗumi, ta jera auduga da bandeji a kan tebur, ta gwada ɗan zarton da ake yanke siminti da shi. Wannan farin simintin da ake naɗe karaya da shi, shi ne aikinta, shi ya sa kowa ke ce mata Inna Mai Siminti, har likitocin da suka girme ta.

Kafin ƙarfe takwas benci ya cika. Ga wanda ya faɗo daga tsani wuyan hannu ya karye, ga wanda babur ya kayar ƙashin ƙwauri ya tsage, ga tsohuwar da santsi ya kwasa a banɗaki. Ni in ɗauki hoto, likita ya daidaita ƙashi, ita ta naɗe. Ba ta sallamar kowa sai ta danna masa farce ta ga jini ya dawo, sannan ta ce, "Motsa yatsun nan in gani."

Wata rana da hantsi wani tela ya shigo da 'yarsa mai shekara shida. A wani wuri aka naɗe mata gwiwar hannu kwana ɗaya kafin nan, tun lokacin kuma kuka take yi. Likitanmu yana ɗakin tiyata. Inna ta kama yatsun yarinyar, sun kumbura, sun yi sanyi, ta ɗan miƙar da ɗaya sai yarinyar ta ƙwalla ƙara. Inna ta juya ta ɗauko zarto.

Telan ya tare ta. "Baiwar Allah, jiya aka sa shi. Ki bari likita ya fito."

"Idan muka jira shi, hannun nan ba zai ƙara riƙe fensir ba," in ji ta. "Riƙe mini kafaɗarta, ko ka matsa Mai Hoto ya riƙe."

Ni na riƙe. Da simintin ya buɗe, na ga dantse ya yi tauri kamar icce, fata ta fara duhu. Telan ya zame ya zauna a ƙasa. Inna ta aika a gaya wa likita, aka shiga da yarinyar tiyata nan take. Da likitan ya fito, abin da ya ce kawai shi ne, "Saura kaɗan." Yarinyar nan yanzu ita ke taka keken ɗinkin babanta.

Ranar Talata kuwa ta jarirai ce, waɗanda ake haifa tafin ƙafa ya karkace ciki. Duk mako ake cire siminti a ɗan miƙar da ƙafar a sa sabo, har ta daidaita. Kakanni sukan zo suna ƙorafin an ɗaure musu jika. Inna takan ce, "Kishi kike don angon naki ya riga ki sa farin takalmi." A yi dariya, a gama aiki.

Ke ce mai hannun da ba ya rawa, Inna. Wannan kowa ya shaida. Abin da zan faɗa yanzu shi ne wanda ba wanda ya sani sai watan jiya.

Saura mako uku ta yi ritaya, sai ga babbar 'yarta ta riƙo ta zuwa ƙofata da takardar likita. Wai atishawa ta yi a kicin, bayanta ya riƙe, ta kasa miƙewa. Na yi mata tsiya, na ce yau dai an shigo hannuna. Ta ce, "Ɗauki abinka, ƙanena, ka daina surutu."

Hoton ya fito a allo. Na daɗe ina kallonsa, sannan na sake duba takardar, don na ɗauka na haɗa da na wani. Ƙashin baya gaɓa-gaɓa yake, kowace gaɓa kamar ƙaramin bulo. A bayan Inna guda biyar sun murƙushe, sun lotsa ta gaba. Ɗaya ce sabuwa, ta atishawar nan. Sauran huɗun tsofaffi ne, sun karye sun warke da kansu a lotse. Ƙashin gaba ɗaya ya zaizaye, ya yi shara-shara, da ƙyar yake fitowa a hoton.

Na kira likita. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce, "Wannan matar ce take ɗaga mana ƙafar ƙarti kullum?"

Na koma wurinta, tana kwance a kan teburin hoto. Na ce, "Inna, kin san bayanki ya karye?"

"Na yi zargin haka."

"Tun yaushe?"

"Ka tuna direban tirelar nan da cinyarsa ta karye, muka ɗaga shi mu uku? Ranar na ji abu ya ce ƙas."

Na tuna, domin ni ne na riƙe kansa. Shekara shida ke nan. Bayan mun kwantar da shi na ga ta jingina da bango, na tambaye ta, ta ce jiri ne, na koma ɗakina.

'Yarta ta fashe da kuka. "Umma, shekara shida? A gida kullum sai ki ce gajiya ce."

"Da na faɗa, da sun ce in zauna," in ji Inna. "Lokacin jarirai goma sha ɗaya ne a hannuna, ba wanda ya iya naɗinsu sai ni. In aka tsallake makonni, ƙafa komawa take yi. Na ce bari su gama. Kafin su gama wasu sun zo."

Abin da ya fi girgiza ni ba hoton ba ne. Mu ne. A shekarun nan Inna ta rage tsawo, wajen faɗin yatsu huɗu. Farar rigarta ta aiki ta fara sauka ƙasa da gwiwa, muna tsokanarta wai rigar ce ke girma. Ta fara tafiya a ɗan duƙe, muka ce tsufa. Ta daina ɗauko bandeji daga saman kabad, sai ta ce wa nas ta miƙo mata, muka ce mulki. Likitan ƙashi, nas ɗin ƙashi, da ni da na ga ƙasusuwan dubban mutane, duk alamomin suna gabanmu kowace safiya. Da baƙuwa ce ta zauna a benci a haka, da cikin minti biyu mun gane.

Ba zan yaba miki wannan shirun ba, Inna, kin kuma san ba zan yaba ba. Akwai maganin da ke rage zaizayar ƙashi, da an fara miki shi tun karayar farko, wataƙila da ba a kai ga biyar ba. Amma abin da ya sa kika yi shirun, shi nake cire wa hula. A shekarun nan shida kin zaunar da nas biyu kin koya musu naɗin jarirai har hannunsu ya faɗa, ba mu san gaggawar me kike yi ba. Ke ce kika riƙe ɗakin nan da bayan da ba ya iya riƙe kansa.

Masu aiki irin namu, ku koyi irin dubanta: ku taɓa mara lafiya, kada ku tsaya ga takarda, kuma ku riƙa duban wanda ke aiki kusa da ku. Ku da ke gida, idan mahaifiyarku ta fara gajarta, ko tana yawan dafa baya, kada ku ce tsufa ne kawai, ku kawo ta a duba.

Likita ya hana Inna ɗaukar duk abin da ya fi butar shayi nauyi. Ƙaramar 'yarta ta haihu makon jiya, na je barka. Na tarar da Inna zaune a kujera, an tokare mata baya da matashin kai, tana jira a kawo mata jikan a ɗora mata a cinya, domin ba ta da ikon ɗaga shi daga gado. Ta ga ina kallonta, ta ce, "Kada ka yi mini wannan fuskar, ƙanena. Miƙo mini shi."

Na miƙa mata. Mun gode, Inna. Allah ya saka miki, ya ba ki lafiya. Kin ɗauki mutane da yawa, yanzu ki zauna, mu za mu riƙa kawo miki.