Hannun Gwaggo Asabe a Kan Fuskata

Daga gida zuwa Jidda

Tun kafin a kira assalatu na fito, motar Kano tana jira a bakin kasuwa. Baba bai iya rako ni ko zaure ba, ciwon ƙirji ya kwantar da shi tun damina. Daga kan gado ya miƙo mini hotonsa da kaset ɗin da ya yi magana a ciki, ya ce in na gama Umara kada in dawo sai na ga gwaggonsa.

Kakan Baba, Tanko, mayaƙi ne a zamanin basasar Kano. Da Turawa suka zo sai ya bi ayarin masu hijira gabas, ya bar ɗansa Idi, mahaifin Baba, yana yaro, bai sake waiwayowa ba. Idi ya girma ana ce masa ɗan wanda ya gudu, ya mutu da abin a ransa, ya bar wa Baba shi gado. Kwatsam wani alhajin garinmu ya dawo da labarin cewa autar Tanko tana raye a Madina, kuma tana riƙe da wani saƙo da ubanta ya bari a faɗa wa zuriyar Idi. Abin da Baba yake so ya ji ke nan kafin ya cika: shin mutumin nan ya tuna da su?

A filin jirgin Kano mun yini muna jiran jirgin da ake ta cewa yanzu zai tashi. A Jidda kuma wani layin muka tarar, jami'in fasfo yana shan shayinsa kamar mu muka zo da laifi. Na yi Umarata, na yi wa Baba addu'a, amma gaskiya rabin hankalina yana Madina.

Hanyar Madina

Bayan sallar asuba muka hau bas. Direban ɗan Sudan ne, ya tsinci Hausa a bakin fasinjoji, duk shingen da muka zo sai ya waiwayo ya ce, "Takarda, takarda, ya hujjaj." Da rana aka tsaya muka ci shinkafa da kaza, ba yaji ba daddawa, na ci dai don kada in faɗi. Hanyar duk baƙin dutse ne. Ina kallonsa ta taga ina tunanin wanda ya ratsa irin wannan ƙasa a ƙafa, ya bar ɗa a baya.

Na sauka wajen Uhudu, a ɗakin wasu teloli 'yan Damagaram. Su suka nemo mini Abdul'aziz, ɗan tsohuwar, wanda ke aiki a wani ofis.

Harra ta Yamma

Da la'asar Abdul'aziz ya zo ya ɗauke ni. Mutumin kirki ne, sai dai Hausarsa kamar mai taka tsakuwa ba takalmi, yana fara magana sai ya tsallaka Larabci. A hanyarmu ta zuwa unguwarsu, Harra ta Yamma, ya gaya mini uwarsa ta makance da daɗewa.

Na same ta a kan darduma, 'yar ƙarama, ta lulluɓe. Sunanta Asabe. Da na gaishe ta sai ta amsa da wata tsohuwar Hausa wadda rabona da jin irinta tun rasuwar kakata. Aka kawo gahawa da dabino, ta shiga ba ni labarin ubanta ba tare da na roƙa ba.

Ta ce a fagen yaƙi ya koyi ɗori da cire kibiya, don shi ake bar wa waɗanda aka sara. Wata rana ya ciro kibiya daga jikin wani saurayi na ɓangaren abokan gaba, yaron ya mutu a hannunsa yana kiran uwarsa. Daga ranar ya ajiye makami. Ya yi shekaru a Sudan yana noma da ɗori kafin ya haye teku. A Madina alhazan da raƙumi ya kayar wurinsa ake kai su, Larabawa suna ce masa Hakim Tanko, wato likita. Har ya mutu ko kaza bai sake yankawa da hannunsa ba. Ta sa aka ɗauko hantsakin da yake cire kibiya da shi, na riƙe, na jujjuya shi a hannuna.

Na kunna mata kaset ɗin Baba. Ta saurara har ƙarshe tana hawaye. Sannan ta ce in matso.

Ta ɗora tafukanta a kan fuskata, ta shafa kunci, ta shafa gefen baki, ta sake komawa. Sai na ji hannun ya tsaya.

"Ina zanen?" in ji ta.

Na ce ba a yi mini ba, Gwaggo, a zamaninmu an fara bari.

"Babana ya ce da ni, wanda zai zo daga wajen Idi uku-uku ne a gefen bakinsa, da bille a hagu, irin nasa. Ya ce kada in faɗa wa kowa saƙon sai shi."

Na fito da hoton Baba, inda zanen ya fito raɗau. Abdul'aziz ya karɓa ya ce, "Ya ummi, wallahi akwai a sura, a hoton nan, ga shi ina gani."

"Idonka ne ya gani," in ji ta. "Ni hannu aka bar wa."

Raina ya ɓaci sosai, har na ji kamar in ɗaga murya a gaban tsohuwa. Daga baya Abdul'aziz ya gaya mini an taɓa zuwar mata da ƙaryar dangantaka don neman wurin zama, shi ya sa ta ƙara tauri. Ya ce shi kansa da ta haifa bai san saƙon ba.

Na yi ta komawa har bizata ta kusa ƙarewa. Kullum ta karɓe ni da fara'a, ta ciyar da ni, ta ƙara mini labarin Tanko, in na taɓo saƙon sai ta ja carbinta. Na je Baƙi'a ko zan tsaya a kan kabarinsa, na tarar ba suna a kan ko ɗaya. Ranar sallama ta ba ni dabino in kai wa Baba, ta ce, "Ka kawo mini shi in taɓa." Na ce to, alhali na san ko Wudil da ke kusa da garinmu ba zai iya zuwa ba.

Dawowa

Mun sauka Kano da hantsi, na isa gida bayan azahar. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa telolin Uhudu da Abdul'aziz, Allah ya saka musu. Ita ma Gwaggo ban riƙe ta da komai ba, amana ta riƙe.

Baba ya sa aka jingina shi da matashi. Na ba shi labarin kibiyar da ɗorin da hantsakin, yana ta gyaɗa kai. Da na zo kan zancen fuskata sai ya kai hannu yana shafa nasa kuncin.

"Ranar sunanka wanzami ya zo har zaure da askarsa," in ji shi. "Ni na ce ya koma, zamani ya wuce wannan."

Ya juya ya fuskanci bango, ya ce in ja masa ƙofa.